Ƙwaryar Inna Baraka a Hannun Gwamnati

Ku da kuka san Kawu Mato kun san bai taɓa gaida mutum ba sai ya fara gaida kayansa. Ka shigo da ƙwarya, ko tulu, ko rediyo, kana ta "Ina kwana, Baba Mato, ina gajiya," shi kuwa tuni ya lanƙwasa ɗan yatsan nan nasa na tsakiya ya kai wa abin da ke hannunka ƙwas, ƙwas, ya karkata kai yana saurare. Sai ya gama jin ta bakin kayan sannan ya ɗago ya dube ka kamar yanzu ka iso, ya ce, "Lafiya lau. Ina iyali?"

Gyartai ne, mai ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, gadon uba da kaka. Ba kasuwar da ba ta san shi ba tsakanin Guci, Dungas, Bande da Magariya. Kayan aikinsa duka-duka basilla ce da 'yar wuƙa da zaren kaba da yake jiƙawa a baki, a cikin wata jakar fata da ta girme ni. Ni kuwa Zule ce, 'yar ƙanwarsa, ga wanda bai gane ni ba saboda ƙibar da na yi. Shi da matarsa Inna Baraka Allah bai bar musu ɗa ko ɗaya a raye ba, sai aka ba su ni ina shekara huɗu. A gidansu na girma, a ƙauyenmu na bayan Guci, don haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba.

Ƙwanƙwasar nan ba a kan ƙwarya ta tsaya ba. Ranar da Lawali ya zo gaisuwar neman aurena, ya ci ado, ya hawo wani babur sabo fil. Kawu ya fito, bai ko dubi Lawali ba, ya kai wa tankin ƙwas, ƙwas.

"Babur ɗin lafiya lau," in ji shi. "Amma ba naka ba ne."

"Yaya aka yi ka sani, Baba?"

"Da na buga, waige ka yi."

Sannan ya matsa ya ƙwanƙwasa ƙirjin Lawali, wallahi a gaban mutane, ya saurara, ya juyo ya ce da Inna, "Akwai ɗan tsagu, amma zai riƙe ruwa." Shekararmu goma sha shida ke nan da Lawali. Ban ga inda Kawu ya yi kuskure ba, ko a tsagun ko a riƙe ruwan.

Roba kuwa ba ya ko kallonta. Wata mata ta taɓa kawo masa fasasshiyar robar wanki a kasuwar Bande, ya dube ta da tausayi ya ce, "Baiwar Allah, wannan ba fashewa ta yi ba, mutuwa ta yi. Allah ya ba ki haƙuri." Matar ta amsa da amin kafin ta gane abin da ake ciki.

To, mutumin da ya ɗinke ƙoren rabin matan ƙasar nan, a gidansa akwai ƙwarya ɗaya da bai ɗinka ba. Ta Inna Baraka ce. Babba ce, irin wadda ake kira masaki, ja jawur don tsufa da man shanu, da zanen da uwarta ta yi mata da hannunta kafin a kawo ta ɗakin miji. Mutanen Inna masu shanu ne, kuma ku kun san abin da ƙwaryar uwa take a wurinsu. Tun kafin a kawo ni gidan ta tsage, daga baki ta gangara kamar tsawon hannu. Inna ta ce Kawu ne ya ƙwanƙwasa ta da ƙarfi. Kawu ya ce sam. "Ta riga ta yi niyya," in ji shi. "Ni dai tambayarta na yi, ta amsa."

Duk sati sai Inna ta sauko da ita, ta goge, ta ajiye a gabansa.

"Malam, ƙwaryata fa?"

"Bayan kasuwa."

Haba jama'a! Mutumin da kullum akwai kasuwar da yake ci, yaushe ne bayan kasuwa? A dawo daga Guci, gobe Dungas. A dawo daga Dungas, jibi Bande. Na shiga lakwal, wato makarantar boko, ana bayan kasuwa, na gama firamare ana bayan kasuwa, aka kai ni Magariya karatu ana bayan kasuwa. Kuma ba wai aikin yana da yawa ba. Na sha ganin ya ɗinke irin wannan tsagun kafin mai ƙwarya ta gama cinikin gishiri. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Ta gida ai ba inda za ta."

Ashe kuwa akwai inda za ta. Wata rana yana kasuwa, wasu mutane suka zo ƙauyen da farar mota, suna neman tsofaffin kaya da za a ajiye a gidan tarihi na gwamnati a birni. Wasu suka ba da tsohuwar hauya, wasu mazari, wasu akushi. Inna ta shiga ɗaki ta sauko da ƙwaryar ta miƙa musu. Da Kawu ya dawo ya ga wurin fayau, ya ce, "Ina ƙwaryar?"

"Na ba waɗanda suke sonta a haka."

Ya daɗe yana kallon wurin. Can ya ce, "Kash. Gobe fa nake niyya."

Inna ba ta sake tayar da maganar ba, shi ma haka. Bayan shekara shida ta kwanta ciwon kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. Kawu ya ci gaba da kasuwanninsa har ido ya fara yi masa hazo, ƙafa ta ƙi, ya koma zaman ƙofar gida yana ƙwanƙwasa duk abin da ya gitta.

Bara waccan aka tura mu birni horon malamai, don ni malamar lakwal ce a Magariya. Ranar ƙarshe aka kai mu gidan tarihin nan yawon buɗe ido. Ina tafe ina hamma, ƙafa na ciwo, sai kawai na yi kiciɓis da ita a cikin akwatin gilashi. Ƙwaryar Inna. Zanen nan, jan nan, tsagun nan. Wallahi sai da na dafa bango. Abokan aikina suka ɗauka yunwa ce, wata har ta miƙo mini biskit.

Da na je ƙauye na gaya wa Kawu, na zaci zai yi salati ko ya yi hawaye. Ina! Cewa ya yi, "Tsagun ya ƙaru?"

"Ban auna ba, Kawu."

"To me ake koya muku a horon?"

Kwana biyu bayan nan, ina shirin fita aiki, sai ga amalanke a ƙofar gidana a Magariya. Kawu ne a kai, da jakar fatarsa, da zabi biyu a ɗaure. Na ce lafiya? Ya ce birni za mu. Na ce Kawu, ina da aji, ina da yara, ina da miji. Ya ce, "Zule, na ce wa matar nan zan ɗinka. Ba na so in je inda take ta tambaye ni. Kuma na kusa." Ni dai na san raina ya ɓaci, kuma na san tsoro ya kama ni, don ban taɓa jin ya yi maganar mutuwarsa ba. Na je na roƙi direktan lakwal kwana uku.

A tasha, kafin ya shiga mota sai da ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ƙwanƙwasa gaba, ya ce da direban, "Wannan ba za ta kai ba." Direban ya ce in sha Allahu za ta kai. Fasinja biyu suka sauka. Motar ta kai mu birni lafiya lau, ko tari ba ta yi ba. Da muka sauka direban ya ce, "To Baba, yaya?" Kawu ya ce, "Ba ta san ta lalace ba ne. Kar ka gaya mata."

A ƙofar gidan tarihi akwai maigadi da ɗan tebur, yana yankar tike. Kawu ya yi sallama, ya ƙwanƙwasa teburin, sannan ya ce, "Ina maigidan?"

"Wane maigida, Baba?"

"Mai gidan nan. Ba a shiga gidan mutum ba a gaishe shi ba."

"Ai gidan gwamnati ne."

"To a yi mini sallama da ita. A ce Mato ne, mijin Baraka."

Maigadin ya dube ni, na dubi sama. Ya ce gwamnati ba ta nan, amma za a iya shiga in an yanki tike. Kawu ya ce shi bai taɓa jin inda mutum ya biya don ya ga ƙwaryar matarsa ba. Na biya a ɓoye ta bayan bayansa. Shi kuma ya miƙa wa maigadin zabin nan biyu ya ce in gwamnati ta dawo a ba ta, ba yawa, tsaraba ce. Maigadin ya karɓa da hannu biyu, ya ce za ta ji.

Aka haɗa mu da mai yi wa baƙi bayani, wani Mushe Sani, wato Malam Sani a bakin 'yan boko, saurayi mai ɗamarar wuya da 'yar sanda ta nuni. Ya ce ƙa'ida ita ce a fara da ɗakin tarihi, a shiga ɗakin dabbobi da duwatsu, sannan a ƙare a ɗakin kayan gida da sana'o'i. Na ce mu ƙwarya ɗaya muka zo gani. Kawu ya ce, "A'a, gidan mutane ne. Mu bi yadda suka ce." Ko'ina an manna takarda an rubuta kada a taɓa. Don haka na kama hannun damansa na riƙe gam, kamar mai kai akuya kasuwa, ina jin yatsan nan yana motsi a tafina.

A ɗakin tarihi Mushe Sani ya zuba bayani, takubba, sulke, bindigogin toka, tambura, wane ya ci wane da yaƙi. Kawu ya saurara tsaf har ƙarshe.

"Duk wannan kaya, wa ke aiki da su?"

"Ba kowa, Baba. Kallo ake yi."

"Kullum?"

"Kullum, ban da Litinin."

"Ranar Litinin ake aiki da su?"

"A'a, ranar ake hutawa."

Kawu ya gyaɗa kai. "Allah ya ba su lafiya," in ji shi.

Ɗakin dabbobi ya fi burge shi. Akwai wani ƙashi a can, shi kaɗai ya fi ni tsawo. Mushe Sani ya ce na wata dabba ce da ta yi zamani tun kafin a halicci mutane. Kawu ya ce, "Wa ya ci naman?" Mushe ya ce ai lokacin ba mutane. Kawu ya ce, "Asara." Daga nan muka iso wurin wata kura da aka feɗe aka cusa wa kaya aka tsayar, baki a buɗe. Kawu ya durƙusa da ƙyar, ya kai idonsa dab da cikinta, ya bi ɗinkin da kallo tun daga wuya har wutsiya.

"Wanda ya ɗinka kurar nan tsoronta yake ji."

"Ai matacciya ce, Baba."

"Shi ba a gaya masa ba. Dubi ɗinki, nesa-nesa. Yana yi yana ja da baya."

Mushe Sani ya leƙa. Na ga alama tun daga nan ya fara rage muryarsa.

A ɗaki na uku, kafin a kai ga ƙore, akwai wani akwati da aka jera basilla, da 'yar wuƙa, da ƙullin zaren kaba, da wata jakar fata sak irin ta Kawu. A ƙasa an yi rubutu da Faransanci. Kawu ya ce in karanta. Na karanta a zuci, na ce, "An ce kayan aikin gyartai ne."

"Rubutun ya fi haka tsawo."

"Sauran yabo ne, Kawu."

Ya juya wurin Mushe Sani. Shi kuma bawan Allah, da yake ba shi da wayo irin nawa, ya fassara tiryan-tiryan: sana'a ce ta mutanen da, wadda yanzu ta mutu.

"Ta mutu?"

"Haka aka rubuta, Baba."

"Yaushe?"

"Ba a sa rana ba."

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Kuma ba wanda ya aiko mini. Da na zo gaisuwa."

Sai ga ƙwaryar. Tana can ƙuryar ɗakin, ita kaɗai a akwatinta, an juya tsagun yana kallon mutane. Kawu ya tsaya. Yatsan da ke ta motsi a tafina ya daina. Na sake shi, don na ga ba abin da zai taɓa. Ya daɗe a tsaye, ya matsa hagu, ya matsa dama, ya kai fuskarsa har numfashinsa ya yi gumi a gilashin.

"Ya ƙaru da yatsa biyu," in ji shi. "Ba sa shafa mata mai." Sannan ya sauke jakarsa ya fara kwance bakinta. "Yaro, buɗe."

Wayyo Mushe Sani! Sandar nunin ta kusa faɗuwa. Ya ce ba shi da makulli, ba shi da iko, ba a taɓa yi ba. Ya ruga ya kira shugabar gidan, wata Hajiya doguwa mai tabarau, wadda daga gani ba a kawo mata wargi. Ta gaida Kawu da ladabi, ta saurari labarin tun daga farko, har da bayan kasuwa, don ni na ba da shi kuma ban rage komai ba. Da na gama ta ce, "Baba, na ji, kuma na tausaya. Amma a nan ba ma gyara kaya. Yadda aka same su haka ake barinsu. Tsagun nan ma tarihi ne."

"Tarihin wa?"

"Tarihin ƙwaryar."

"Hajiya, ni na fasa ta. Ranar wata Laraba, da yatsan nan. Ba tarihi ba ne, ganganci ne."

Jama'a, kun ji fa. Shekara sama da arba'in yana cewa ta yi niyya, sai a gaban baƙuwa, a gidan gwamnati, ya amsa laifinsa.

Hajiya ta ce duk da haka sai takarda ta zo daga sama. Kawu ya ce kwana nawa takardar ke yi. Ta ce wani lokaci wata shida, wani lokaci shekara. Ya ce, "Ashe ita ma tana cin kasuwa." Ya ɗaure jakarsa, ya yi godiya, muka fito. Na ce to Kawu, mun yi iya yinmu, mu nufi tasha. Ya dubi wata bishiyar dogon yaro da ke bakin ƙofar, ya je ya share gindinta da ƙafa, ya zauna.

"Me kake yi?"

"Jiran takarda."

Na yi faɗa, na yi magiya, na ce Kawu kana so a ce malamar lakwal ta kawo mahaukaci birni? Ya ce in ba zan iya ba in tafi, ya san hanya. Lawali ya kira ni a waya yana tambayar inda nake ajiye daddawa, na huce a kansa. Muka sauka gidan wata ƙawata, gari na wayewa Kawu ya koma gindin bishiyarsa.

Maigadin ne ya fara. Ya zo yana sosa ƙeya, ya ce matarsa tana da wata ƙwarya, tun da Baba yana zaune haka nan. Kawu ya ɗinke ta kafin shayin maigadin ya tafasa. Matar ta gaya wa maƙwabciyarta. Kafin azahar mata shida ne a gindin dogon yaron. Washegari na daina ƙirga. Ashe birnin nan cike yake da fasassun ƙoren iyaye da kakanni, an tura ƙarƙashin gado, ba a iya zubarwa kuma ba mai ɗinki. Masu jiran layi suka gaji da tsayuwa, suka fara yankar tike suna shiga ganin kura. Mushe Sani ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ya fito shan ruwa, Kawu ya ce masa, ba tare da ya ɗago ba, "Ka ga masu zuwa gaisuwar mutuwa?"

Rana ta uku, da hantsi, sai ga Hajiya shugaba ta fito daga motarta da wani abu a naɗe cikin zane. Ta jira mata suka ɗan ragu, ta zo ta tsuguna, ta kwance. 'Yar ƙwarya ce ta fura, ta tsage gida biyu saura kaɗan.

"Baba, ta mahaifiyata ce. Jikana ya yar da ita."

Kawu ya karɓa, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa a hankali, ya saurara. Sannan ya naɗe ta cikin zanen yadda take, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ba zan taɓa ba, Hajiya. Tarihi ne."

Ni na fara neman inda zan ɓuya.

"A bar ta yadda aka same ta," in ji shi. "Sai takarda ta zo daga sama."

Hajiya ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Baba, ba ni minti goma." Ta shiga ofis. Ta fi awa ɗaya. Da ta fito tana rungume da wani tsohon kundi mai baƙin bango, duk ƙura a gyalenta, ta ce mu biyo ta. A gaban akwatin ƙwaryar ta buɗe shi. Ta ce duk abin da ya shigo gidan nan, waɗanda suka karɓo shi suna rubuta inda ya fito, da sunan mai shi, da abin da mai shi ya faɗa. Ta ce in mai kaya ya gindaya sharaɗi, dole gidan ya cika, ba sai an jira kowa ba. Sannan ta miƙo mini ta nuna layin da yatsa. "Madam, karanta masa."

Na ga sunan ƙauyenmu. Na ga Baraka, matar Mato. Na karanta sauran a zuci, sai rubutun ya fara rawa. Na ce Hajiya, ke karanta, ni ba zan iya ba.

Ta karanta, tana juyawa da Hausa: "Mai ita ta ce ba ta sayar ba, ajiya ta bayar. Ta ce mijinta zai zo ya ɗinka. Ta ce in ya zo a ba shi, kuma a yi haƙuri da shi, yana kasuwa."

Kawu ya dubi ƙwaryar. Ya zauna a ƙasa, nan kan siminti, ya kwance jakarsa. Hajiya da kanta ta sa makulli, ta ɗauko ƙwaryar, ta ɗora masa a cinya.

Mutumin da ya kwana biyu yana ɗinke ƙoren mutane kamar wasa, sai ga shi yana fama da zare. Sau uku zaren yana kuɓuce masa. Na ce in riƙe masa, ya ce a'a. Ya huda, ya zura, ya ja, ya danne da babban yatsa, ya sake hudawa. Mata masu jiran layi sun cika ƙofar ɗakin, Mushe Sani ya manta da aikinsa na hana mutane matsowa. Aka kira azahar yana kai, aka kira la'asar yana kai. Ɗinki goma sha huɗu, ƙanana, a jere, ban taɓa ganin ya yi mai kyansu ba.

Da ya gama ya ce a kawo ruwa. Mushe Sani ya buɗe baki zai ce ba a shiga da ruwa, Hajiya ta dube shi, ya je ya kawo buta. Kawu ya zuba har ruwan ya haura ɗinkin, ya ɗaga ƙwaryar sama da hannu biyu, muka sunkuya duka muna leƙen gindinta, har da Hajiya da tabaranta. Ko ɗigo.

"To, Baraka," in ji shi. "Ga ta nan."

Ya zubar da ruwan a gindin wata shuka, ya shanya ƙwaryar, ya ciro ɗan gwangwanin man shanu daga jakar ya shafe ta ciki da waje. Na ce za mu tafi da ita gida? Ya ce a'a, Baraka ce ta ba da ajiya, ba shi ba, ba shi da bakin karɓa. Ya dai sa Mushe Sani ya yi alkawarin mai sau biyu a shekara, ya bar masa gwangwanin. Sannan ya ɗinke ta Hajiya a tsaye, kafin in gama ɗaura gyalena.

Hajiya ta ce za ta sake takardar da ke jikin akwatin, me yake so a rubuta? Ya ce a rubuta sunan Baraka da na uwarta, su ne masu ƙwarya. Ta ce shi fa, mai ɗinki? Ya ce gyartai ba ya sa suna. Ta nace. Ya yi tunani, ya ce, "To rubuta an ɗinka. A ƙasa ki sa an makara."

Haka aka rubuta, na gani da idona da na koma. Sun kuma cire waccan takardar ta mutuwar sana'a, ko da yake yanzu ban san abin da za su sa a wurin ba.

A mota muna dawowa, da muka kusa Magariya, sai ya juyo gare ni. Ya ce, "Zule, aikin fa ba wuya." Na ce na sani, Kawu. Ya ce, "Da na yi mata ta sha fura a ciki." Daga nan ya juya yana kallon gonaki, ni ma na juya ɗaya gefen, don ban so ya ga fuskata ba.

Wata biyar ya ƙara. Ya rasu ana gab da girbi, da safe, a ƙofar gidansa, ba jinya ba wahala. Ina kewarsa, jama'a, ba kaɗan ba. Ya ba ni haushi fiye da kowa a duniyar nan, kuma shi ne uban da na sani.

Allah ya jiƙan Kawu Mato, ya jiƙan Inna Baraka da ta san halin mijinta ta kuma jira shi. Allah ya ɗinke masa abin da ya tsage tsakaninsa da Ubangijinsa, ya haɗa su a inuwa ɗaya. In ya isa ƙofar, ya Allah, kar a ce masa ya makara. Amin.